Ganuwar Anka da Gulbin Gummi

A wannan wata ina so in kai ku wata ƙasa wadda yawancinmu ba mu jin sunanta sai a rediyo, shi ma sai ran da wani mugun abu ya faru. Ƙasar nan ita ce yammacin Jihar Zamfara, watau Anka da Bukkuyum da Gummi. Na bi hanyarta sau da dama a shekarun baya, tun lokacin da direba kan tashi daga Gusau da magariba ba ya fargabar kome sai ramin hanya. Abin da na gani da idona, da abin da masu tarihi suka rubuta, su zan haɗa muku. Abu biyu za mu duba, ganuwa da gulbi. Ganuwa ta tsare mutanen ƙasar nan shekaru masu yawa, yanzu ta zube. Gulbi yana ciyar da su har yau, amma ya raba su da gonakinsu.

Hanyar Zuwa

In ka tashi daga Gusau ka kama hanyar Sakkwato, za ka wuce Bunguɗu da Maru ka iso Mayanci. Nan ne za ka saki babbar hanya ka karya hagu, ka nufi Anka. Dama da hagu gonakin gero ne da dawa da wake, ga kuka da ɗorawa da kaɗanya tsaitsaye a cikinsu. Can nesa kana hangen duwatsu jefi-jefi. Daga Anka hanya ta miƙe yamma, ta bi ta Nasarawar Burƙullu cikin ƙasar Bukkuyum, har Ɗaki Takwas. A Ɗaki Takwas hanya ta rabu. Wata ta yi kudu zuwa Zuru, wata ta ci gaba zuwa Gummi. Tsakanin Anka da Gummi wajen mil 60 ne.

Wanda ya iya sauraro, sunayen garuruwa kaɗai za su ba shi rabin tarihin ƙasar. In ka ji Birni, kamar Birnin Tudu na ƙasar Gummi ko Sabon Birni na ƙasar Anka, to, gari ne da aka taɓa kewaye shi da ganuwa. In ka ji Tunga, kamar Tungar Daji, ƙaramin mazauni ne da manoma ko masunta suka kafa bayan gari. In ka ji Ruwa, kamar Ruwan Jema, ka san ruwa ne ya fara tara mutane a wurin. Sunayen nan suna nuna abin da ya dami kakannin mutanen nan, watau inda za su sha ruwa da inda za su kwana lafiya.

Tudun da Ba Tudu Ba Ne

Ran da na fara kwana Anka, da hantsi na fita zaga gefen gari. Na tarad da wani dogon tudu na jar ƙasa, ruwan sama ya zazzage shi, awaki suna hawa suna sauka. A gindinsa ga wani kwari mai ciyawa. Wani tsoho yana zaune a inuwar bedi yana tufkar igiya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan tudu fa, daga ina ya taso?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya amsa da harshensu na yamma, ya ce, "Ɗana, wanga ba tudu na ba. Ganuwa ta. Hannu ya aza ta."

Ashe ina tsaye bisa aikin dubban mutane ban sani ba. Bari in gaya wa yaranmu yadda ake gina ganuwa, gama da yawa cikinsu ba su taɓa ganin ta a tsaye ba.

Da fari sai a shata iyakar gari, a bar fili mai yawa a ciki. Filin nan ba na banza ba ne. In abokan gāba sun kewaye gari, a nan za a yi noma, a nan dabbobi za su yi kiwo, a nan kuma mutanen ƙauyuka za su sauka in sun gudo. Sa'an nan a haƙa rami a kewaye. Ƙasar da aka haƙo ita ake kwaɓawa da ruwa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya su a rana. Magina su jera su, su bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin ganuwa kauri gare shi ƙwarai, tana tashi tana sirancewa. Ramin da aka bari a waje shi ne gwalalo, akan bar sarƙaƙiya ta cika shi don doki kada ya iya ratsawa. Ta ciki kuwa akwai badala, watau dakalin da 'yan baka ke tsayawa su yi harbi. Ƙofofi ana yi musu rufi da azara ta giginya, da ƙyaure mai nauyi wanda maƙera suka ɗaure da ƙarfe. Kowace ƙofa da mai tsaronta, ya rufe da dare, ya buɗe da asuba.

Ga abin lura. Ganuwar ƙasa ba a gama ginin ta. Kowace damina ruwa yana cin ta, kowace kaka bayan an kai amfanin gona gida sai a yi gayya a gyara. Kowace unguwa da nata yanki. Ran da mutane suka daina fitowa gayya, ran nan ganuwa ta fara mutuwa, ko da ba wanda ya kawo mata yaƙi.

Yadda Sarauta Ta Iso Anka

Anka ba ita ce babban birnin Zamfara na fari ba. Ita ce masaukin ƙarshe bayan doguwar gudun hijira.

Masu tarihi sun ce Zamfarawa sun fara sarauta a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu. Daga baya suka gina Birnin Zamfara kusa da Gulbin Gagare, wajen garin Isa wanda yau ke cikin Jihar Sakkwato. An ce ganuwar birnin ta kai mil 13, da ƙofofi 50. A cikin jerin sarakunansu har da mace, Sarauniya 'Yargoje, wadda ake danganta ta da Kuyambana.

A farkon ƙarni na 18 Zamfara ta yi ƙarfi ƙwarai. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, Zamfarawa sun kai wa Kano yaƙi suka ci nasara. Bayan wannan ne Sharefa ya sa aka gina ganuwa a garuruwa da dama na ƙasarsa, har da Gaya da Takai da Dawaki. Kun ji fa, tsoron Zamfara ne ya sa Kanawa kwaɓa ƙasa.

To, a cikin shekarun nan ne Gobirawa suka riƙa gangarowa daga arewa suna neman ƙasar noma da kiwo. Sarkin Zamfara ya ba su wurin zama. Labarin baka ya ce a gonar alƙalin Zamfara aka sauke su, shi ya sa aka kira wurin Alƙalawa. Suka yi yawa, suka yi ƙarfi. Zamfara kuwa yaƙe-yaƙe sun gajiyar da ita, kan manyanta kuma ba a haɗe yake ba. Wajen shekara ta 1764 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara ya rushe shi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu Kiyawa. Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir.

Waɗansu in suna ba da labarin nan sai su ce laifin karɓar baƙi ne. Ni dai ban ga haka ba. Kano da Katsina sun karɓi baƙi fiye da kowa, da su ma suka yi arziki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ganuwar mil 13 ba ta ceci Birnin Zamfara ba, domin tsagar tana cikin gida.

Daga nan gidan sarautar ya shiga yawo, daga wannan gari zuwa wancan. A cikin shekarun 1780 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Sa'ad da ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami, ya roƙi a saki fursunoni, a cikinsu kuwa har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara. Da jihadi ya tashi a 1804, Zamfarawa da yawa suka goyi bayan jama'ar Shehu, gama abokin gābarsu ɗaya ne, watau Gobir. A 1805 Shehu ya zauna 'yan watanni a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara kafin ya koma Gwandu. Amma shekarar ta yunwa ce, rundunar kuwa babba ce. Mayaƙa suka riƙa ɗibar abinci a ƙauyuka, abota ta ɓaci, garuruwan Zamfara da dama suka juya baya. A 1808 Alƙalawa ita ma ta faɗi. Birnin da ya ci Birnin Zamfara bai cika shekara 50 yana mulki ba, yau shi ma kufai ne.

Gidan sarautar Zamfara ya bi ta Sabon Gari da Ruwan Gora, sa'an nan wajen shekarun 1820 ya zauna Anka, ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Sakkwato. Nan yawo ya ƙare. Tudun da awaki ke hawa yau shi ne abin da ya ba su damar ajiye kaya.

Sarauta Ɗaya, Gari Biyu

Wanda ke son ya ga yadda ƙasar nan ta rarrabu, ya dubi sunayen sarautunta. Akwai Sarkin Zamfara a Anka, akwai kuma Sarkin Zamfara a Zurmi. Akwai Sarkin Mafara a Talatar Mafara, akwai Sarkin Mafara a Gummi. Akwai Sarkin Burmi a Bakura, akwai a Moriki. Sarkin Ƙauran Namoda shi ne Sarkin Kiyawa, ko da yake tsohuwar Kiyawa ta zama kufai. Sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce da shi. Na Bukkuyum kuwa Sarkin Danko ne, sunan da ke tuna wa mutum garin Danko na ƙasar Zuru. Kowane suna cikin waɗannan yana da labarin ƙaura ko yaƙi ko rabon ƙasa a bayansa. Gari yakan mutu, amma mutane su ɗauki sunan su tafi da shi.

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Garuruwan nan suka zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Yaƙi tsakanin gari da gari ya ƙare, harin bayi ya tsaya. Ba wanda ya ƙara ganin dalilin fita gayyar ganuwa. Mutane suka fita bayan gari suka kafa tunga kusa da gonakinsu. Da aka yi hanyar mota, kasuwa da makaranta da asibiti suka koma bakin hanya. Masu gini suka riƙa ɗibar ƙasar ganuwa, gama ta riga ta kwaɓu, ba ta da tsakuwa. Manoma suka baje wani wuri suka shuka gero. Gwalalo ya zama kududdufi da juji.

Ku gwada da Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda aka gina a ƙarni na 16 cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. An bar shi tun kafin Birnin Zamfara ya faɗi, amma har yau ana ganin bangayensa, domin da dutse aka yi su. A 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ginin dutse yana jiran jikoki. Ginin ƙasa ba ya jira, in ba a kula da shi ba sai ya koma inda aka ɗebo shi.

Sunan Zamfara ya sake tashi ranar 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato. Gusau aka ba hedkwata, amma shugabancin majalisar sarakunan jihar Sarkin Zamfaran Anka aka ba, don girmama tsohon gidan.

Gari a Nan, Gona a Ƙetare

Yanzu mu gangara Gummi. Garin yana bakin Gulbin Zamfara, wanda ya ratso ƙasar Anka da Bukkuyum, ya wuce Gummi ya nufi Jega, inda ake ce da shi Gulbin Gindi, kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Can kudu kuma akwai Gulbin Ka. Gummi ta fid da manyan mutane. A nan aka haifi Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya zama babban alƙalin alƙalai na Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya rasu a 1992. A 2013 kuma Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya bar kujerar babban jojin Abuja ya zama Sarkin Mafaran Gummi.

Amma abin da ya fi riƙe ni a Gummi shi ne bakin gulbi. Da rani gulbin yashi ne fari fat, da ɗan ruwa yana bin gefe. Yara na wasa a ciki, jakuna na ratsawa da kaya, mata na tona yashi su ɗebi ruwa. Fadama kuwa kore shar da albasa da rake da dankali da tattasai. In ka gan shi a lokacin nan sai ka rena shi. Da damina ta yi nisa sai ya zama wani abu dabam. Ruwa ya cika baki da baki, ja wur da laka, yana jan itatuwa. Ga gidajen mutane a wannan gefe, ga gonakin da yawansu a ƙetare. Manomi ba shi da zaɓi. Ciyawa ba ta jiran ruwa ya janye, tsuntsu ma ba ya jira.

Na taɓa shiga jirgin fito a watan Agusta. Mai jirgin, wani dattijo mai ƙarfin damtse, ya ga ƙafata tana rawa ya ce, "Malam, zamna tsakiya, kak ka kama baki." Na zauna tsakanin fartanyoyi da ƙoren fura. Ruwa bai fi tafin hannu ba tsakaninsa da bakin jirgi. Wani yaro yana kwarfe ruwan da ke shigowa ta tsagar katako. Matan da ke tare da mu suna ta hira kamar a tsakar gida. Ni kuwa ban ce uffan ba sai da muka taɓa gaci. Abin da na yi sau ɗaya ina jin kamar na yi jaruntaka, su suna yin sa safe da yamma duk damina.

A watan Agusta 2024 gulbin ya yi ambaliya ya shiga Gummi. Gidajen ƙasa suka zube, gonaki suka nutse, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Ba a gama share hawaye ba, ranar Asabar 14 ga Satumba 2024 jirgin da ke ɗauke da manoma zuwa gonakinsu ya kife. Waɗansu rahotanni sun ce waɗanda suka rasu sun haura 40, waɗansu suka ce sun haura 60. An kuma ba da labari cewa manoma fiye da 900 ne ke ƙetarewa kowace rana, jirage kuwa 2 ne kacal. Ku yi lissafin da kanku. In mutum 900 za su ƙetare da safe cikin jirgi 2, ko dai waɗansu su kai gona da azahar, ko kuwa a cika jirgi fiye da ƙarfinsa. Ba ƙaddara kaɗai za a ce ba. Akwai ƙarancin jirgi, akwai tsufan katako, akwai rashin rigar da ke hana nutsewa. Duk waɗannan abubuwa ne da hannun mutum ke iya gyarawa.

Zinariya da Dalma

Akwai wani abu kuma a ƙarƙashin ƙasar nan wanda ya kawo kuɗi ya kawo kuka. Duwatsun Anka da Bukkuyum suna da zinariya. Bayan 2008 kuɗinta ya tashi ƙwarai a kasuwannin duniya, sai matasa suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Suna haƙo dutse su kawo gida, a farfasa a tsakar gida, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a shanya inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma.

A farkon 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke. Yaro ya yi ta amai, ya shiga jijjiga, ya cika. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Da aka auna jinin yaran aka ga gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Maganin kaɗai ba ya isa, gama in yaro ya koma gida ƙurar tana nan. Dole aka bi gida gida ana kankare ƙasar tsakar gida, a kai ta rami a binne, a zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka share ta. Iyaye, ku riƙe wannan: dutsen ma'adini ba ya shiga gida, mai aikinsa kuma ya wanke jiki ya sāke tufa kafin ya ɗauki yaro. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a Disamba 2024.

Birni Ya Sāke Zama Mafaka

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar da na kwatanta muku a sama ba a bin ta yanzu yadda muka bi ta dā. Rigimar da ta fara da satar shanu da faɗan gona da burtali ta girma ta zama ta 'yan bindiga masu sace mutane. A farkon Janairu 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana da kwanaki. Mutanen wurin sun ce an kashe wajen 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Ko wanne ne, kowane ɗaya ɗan wani ne.

Mutanen tunga da kakanninsu suka fita daga birni bayan 1903 domin an sami lafiya, ga jikokinsu suna komowa da tabarma a ka. A Anka, ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun sami mafaka a cikin ginin sabuwar fadar sarki wanda ba a gama ba. Birni ya koma aikinsa na dā, sai dai ba ganuwa, ba kuma filin noma a ciki. Manomin Gummi ruwa ya raba shi da gonarsa. Manomin Anka tsoro ya raba shi da tasa.

Ba wanda zai ce a koma kwaɓa tubali, gama ganuwar ƙasa ba ta tsare bindigar zamani. Amma ku tuna abin da ya tsai da ganuwa tun fari. Ba jar ƙasa ba ce, gayya ce. Mutanen unguwa dabam dabam, manomi da maƙeri da mahauci da baƙon da ya zo jiya, kowa ya yarda cewa in aka shigo ta yankin maƙwabcinsa shi ma bai tsira ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da Za Mu Iya Yi a Gida

Wani zai ce, mu da ke Zariya ko Jos ko Zuru ko Maraɗi, ina ruwanmu da tudun Anka? To, kusan kowane tsohon gari yana da irin tudun nan, ko kufai a kan dutse inda kakanni suka zauna kafin su sauko. Ga shawara huɗu.

Ta fari, ku tambayi tsofaffinku tun suna da rai. Ina ƙofofin garinmu suke, mene ne sunayensu? Daga ina muka taso, me ya tashe mu? Ku sa yaro mai kyan rubutu ya rubuta cikin littafi, a ajiye tare da takardun gida.

Ta biyu, in akwai sauran ganuwa ko kufai kusa da ku, kuma wurin lafiya ne, ku kai yara su gani. Gani ya kori ji. Ku yi wa mai unguwa magana a bar ko da taki 100 ne kada a ɗebi ƙasarsa.

Ta uku, in kuna zaune bakin ruwa, ku haɗa kai ku sa doka a kan yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, ku yi karo-karo ku sayi rigunan ruwa, ku kuma dami wakilanku da maganar gada da ƙarin jirage. Kada a jira sai an yi jana'iza.

Ta huɗu, in waɗanda suka gudo daga ƙasashen nan sun sauka a unguwarku, kada ku tambayi ƙabilarsu ko addininsu kafin ku ba su ruwa. Gidan sarautar Zamfara kansa ya yi wajen shekara 60 yana yawo kafin wani gari ya buɗe masa ƙofa.

Ran da zan bar Anka na koma na yi sallama da tsohon nan mai tufka. Na ce, "Baba, in na komo zan tarad da tudun nan kuwa?" Ya ce, "In ka yi sauri, ɗana." Ban yi sauri ba. Shi ya sa na rubuta muku.

Allah ya kawo wa ƙasar Zamfara zaman lafiya, ya sa manoma su kai gona su komo gida. Sai wata mai zuwa.